Da Wane Mudu Ake Auna Mai Bincike?

A aikinmu na rediyo, cikin abubuwan farko da ake koya wa sabon shiga akwai yanke numfashi. In ka ɗauko hira ka zuba ta a kwamfuta, muryar mutum za ta fito maka a allo kamar jerin duwatsu, tsakanin jimla da jimla kuma akwai ɗan tudu ƙarami, nan ne mai magana ya ja iska. Sai ka shata shi ka goge, don hira ta yi santsi, minti biyar ya koma huɗu da rabi. Na fi shekara goma ina wannan aiki, ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da nake gogewa ba sai da ƙanena ya kwanta asibiti.

Kabu-kabu yake yi. Wata mota ta kwashe shi da magariba, ƙafa ta karye, jini kuma yana zuba a cikin ciki. Kafin a shiga da shi tiyata wani ma'aikaci mai koren kaya ya zo ya ɗaga kan gadon, ya ce masa, "Ƙanena, buɗe baki sosai, fito da harshe." Ya leƙa, ya rubuta wani abu a takarda. Da yake ɗan jarida ba ya rasa leƙe, na karanta: Mallampati 2. Bayan tiyata aka kai yaron ɗakin kulawa ta musamman da tiyo a maƙogwaro, inji yana hura masa iska. Wajen ƙarfe biyu na dare wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, batirin injin kuwa ashe ya daɗe da mutuwa. Ta gilashin ƙofa, da hasken wayar wata ma'aikaciya, na ga mutumin nan mai koren kaya ya cire tiyon daga inji ya haɗa shi da wata jakar roba mai kama da ƙwallo, ya shiga matsawa. Ya matsa, ya saki, ya matsa, ya saki. Ban duba agogo ba, amma mahaifiyarmu da ke zaune a ƙasa ta ce ta zagaye carbinta ya fi sau ashirin kafin wuta ta dawo. Yaron yana nan da ransa, har ya koma kan babur duk da faɗan da muka yi masa.

Da hankali ya kwanta na ce zan yi shiri a kan wannan fanni na kula da hanyar numfashi, sai na shiga karatu don in san su wa suka kafa shi. Abin da na fara cin karo da shi shi ne mudun da masana ke auna junansu da shi. Mai bincike yana rubuta maƙala, mujalla ta buga. Duk wanda ya zo daga baya ya dogara da aikinsa sai ya ambace shi a ƙarshen tasa maƙalar, wannan ambato shi ake ƙirgawa. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fara fitar da babban kundin irin wannan ƙirge a 1964. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya dunƙule abin ya koma lamba ɗaya tak: in kana da maƙala 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20, lambarka 20 ce. Da ita ake cewa wane yana da tasiri, wane ba shi da shi. Ni ma na sha yin irin wannan a iska ban sani ba. In na gayyato baƙo nakan ce, "Shehin malamin ya wallafa maƙaloli sama da ɗari," da muryar nan da muke karanta sunayen manya, alhali ko ɗaya ban karanta ba, ban kuma san ko akwai wanda ɗaya daga cikinsu ta amfana ba.

Tambayar da ta tsaya mini ita ce: in aikin mutum shi ne ya sa wani ya ci gaba da numfashi, ƙirga yawan masu ambaton sunansa yana auna wannan aikin, ko wani abu daban yake aunawa? Labarin da ya fi taimaka mini wajen tunani ya faru ne a Kopenhagen, babban birnin Denmak, a 1952.

Mu nan mun san shan inna da ƙafa. Amma cutar takan hau har ƙirji ta kashe tsokar numfashi, ko ta kama maƙogwaro mutum ya kasa haɗiye yawunsa. A ƙarshen bazarar Turai ta wannan shekara annobarta ta faɗa wa birnin, asibitin Blegdam mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ya cika, wata rana a kawo mutum 50, yawancinsu yara. Kayan taimakon numfashi da asibitin ke da su duka bakwai ne: huhun ƙarfe guda ɗaya, wato akwatin da ake saka mutum ciki sai kansa a waje, da wasu shida ƙanana da ake ɗaurawa a ƙirji. Cikin makonnin farko na watan Agusta an kwantar da mutum 31 da numfashinsu ya shanye. 27 suka mutu.

Shugaban asibitin, Farfesa Henry Lassen, babban likita ne mai suna. Wani na ƙasa da shi, Mogens Bjørneboe, ya matsa masa a kira wani likitan sa barcin tiyata mai suna Bjørn Ibsen. A lokacin wannan fanni ba shi da wata daraja a Denmak, mai sa barci ɗan rakiyar mai fiɗa ne kawai, Ibsen kansa ko kujera ta dindindin ba shi da ita, ya dai yi shekara guda yana koyon aikin a Boston ya dawo. Ya zo ya duba marasa lafiya, ya duba huhun wasu da suka rasu, ya ce shi a ganinsa ba ƙwayar cutar ce ke cinye ƙwaƙwalwarsu ba kamar yadda aka ɗauka. Numfashi aiki biyu ne, shigar da iskar oksijin da fitar da iskar kabon da jiki ya gama da ita. Ana ba yaran oksijin, launin jikinsu yana kyau, amma ƙirjin ba ya motsi yadda zai fitar da ɗayar, sai ta taru a jini ta zama guba. Gumi, da hawan jini, da sanyin fata da ake gani a jikinsu, shi ya saba ganin su a ɗakin tiyata duk lokacin da aka yi sakaci da jakar numfashi. Wani abin takaici, sakamakon gwajin jinin da ke nuna haka yana hannun likitocin tun farko, a juye suke karanta shi. Da shugaban ɗakin gwaji, Poul Astrup, ya auna tsamin jinin kai tsaye, maganar Ibsen ta tabbata.

Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya ƴar shekara 12, Vivi Ebert, wadda an riga an cire rai da ita. Aka huda mata wuya aka saka tiyo mai ɗan balan-balan a baki, wanda in an hura shi zai toshe gefen maƙogwaro yawu ya daina gangarawa huhu. Ibsen ya fara matsa jaka, iska ta ƙi shiga, yarinyar tana ta fizge-fizge, hanyoyin huhunta sun ƙanƙame. Likitocin da suka zo kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don sun ga abin da suka saba gani. Sai ya yi abin da mai sa barci ne kawai zai yi tunaninsa a wannan hali: ya yi wa mai mutuwa allurar barci. Jikinta ya saki, ya zuƙe majinar, iska ta shiga. Da suka dawo suka tarar da ita da kyakkyawan launi, ƙirji yana hawa yana sauka da matsin hannunsa.

Sai dai hannu ɗaya yaro ɗaya yake ɗauka, kuma wanda ƙirjinsa ya shanye ba ya hutun numfashi da dare. Injin da zai yi aikin babu. Aka kira ɗaliban likitanci da na haƙori, kusan 1,500, suka riƙa karɓar juna bayan awa shida zuwa takwas, kowa a gefen gado da jaka a hannu, dare da rana, makonni da watanni. A tsakiyar annobar akwai lokacin da mutum kusan 70 ke numfashi da hannun wani. An ƙiyasta awowin da aka matsa jaka sun kai 165,000. Mutuwa ta sauko daga kusan tara cikin goma zuwa wajen huɗu cikin goma, ta ci gaba da sauka kafin annobar ta wuce. Vivi ta rayu har 1971, tana dogara da taimakon numfashi. A ƙarshen 1953 Ibsen ya buɗe wani ɗaki a asibitin birni na Kopenhagen inda ake tara duk masu tsananin ciwo wuri ɗaya da ma'aikatansu na kansu, shi ne ɗakin da masana tarihin likitanci da yawa ke ɗauka a matsayin ɗakin kulawa ta musamman na farko a duniya. Jikansa ne ɗakin da na tsaya a ƙofarsa.

To, mu ɗauko mudu. Rahoton farko da duniya ta karanta a kan wannan aiki ya fito a mujallar Lancet a farkon 1953, sunan da ke samansa kuwa ɗaya ne: Lassen. An ambaci Ibsen a cikin rubutun, amma ƙirge ba ya shiga cikin rubutu, saman takarda yake dubawa. Duk wanda ya ambaci maƙalar nan daga ranar zuwa yau, a asusun Lassen aka zuba. Ibsen ya buga nasa bayanin a 1954, rahotonsa a kan sabon ɗakin kuma ya fito a 1958 cikin harshen Denmak, wanda masu karanta shi a duniya ba su da yawa. Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan rabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na son in zalunci Lassen. Shi ya haɗiye girmansa ya yarda a kira ƙaramin likita daga wani fanni, shi ya juya tsarin asibiti gaba ɗaya cikin kwanaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san halin manya. Amma ɗalibai 1,500 fa? Lambarsu a wannan mudu sifiri ce. Shi Ibsen ma bai fara daga babu ba, ya karanta rahoton wasu Amurkawa biyu a Los Angeles, likita Albert Bower da injiniya Ray Bennett, da suka gwada tura iska cikin huhun masu shan inna kafin shi, rahoton da kusan ba wanda ya kula da shi.

In da laifin mudun ya tsaya ga tauye wa mai gaskiya, da sauƙi, don tarihi yakan biya bashi ko a makare, yau ba wanda zai rubuta tarihin fannin bai sa Ibsen a gaba ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yana cika wa maƙaryaci har ya zuba. A Jamus an yi wani farfesa a wannan fanni, Joachim Boldt, mai maƙaloli ɗaruruwa, wanda ake gayyata taruka ana jin maganarsa. Ya shahara ne a kan wani ruwan ƙari da ake haɗawa da sitaci, ana ɗura wa wanda ya zubar da jini ko wanda jininsa ya faɗi. Bincikensa yana nuna ruwan ba shi da wata illa. A 2010 asirinsa ya fara tonuwa, a 2011 mujallu suka janye maƙalolinsa kusan 90 saboda an yi su ba da izinin kwamitin ɗa'a ba, daga baya aka gano ƙirƙirar sakamako a wasu, janyewar ta ci gaba. A 2012 wani babban gwaji da aka jagoranta daga Kopenhagen ɗin nan ya nuna masu tsananin ciwon da ƙwayar cuta ta shiga jininsu sun fi mutuwa in an ba su ruwan. A 2013 wasu masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, suka ga in an cire bakwai na Boldt, haɗarin mutuwa da lalacewar ƙoda yana fitowa fili. Wato takardunsa sun zauna a kan gaskiya sun danne ta shekaru. A duk waɗannan shekaru lambarsa hawa take yi. Mudun ba ya tambayar me ya sa aka ambace ka. Wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, ɗaya ɗaya ne a lissafi.

Nan ne na so in rufe littafi in ce a fasa mudun. Wani abokina da ke koyarwa a jami'a ya hana ni. Ya ce, "Malam, kai da ba a taɓa auna ka da shi ba ne kake raina shi." A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, ƙarin girman malamin jami'a yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, kuma cikin abin da ake dubawa akwai maƙalolin da ka buga. Ya ce in aka cire wannan, me zai maye gurbinsa? Sanayya. Ɗan wane, surukin wane, wanda ya iya gaisuwa. Ƙirge, duk da makantarsa, shi ne abu ɗaya da ɗan talaka zai ajiye a tebur ba a ce masa wa ya aiko ka ba. Na rasa amsa, don a gidan rediyo na ga yadda ake raba shiri mai kyau in babu ma'auni.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara ɗaure ni. Ɗaya daga cikin manyan maƙaryatan da aka taɓa kamawa a fannin sa barci, Yoshitaka Fujii na Japan, da lissafi aka kama shi. Wani likita a Ingila, John Carlisle, ya zauna ya bi alƙaluman gwaje-gwajensa 168, ya nuna a 2012 cewa sun yi kyau fiye da yadda alƙaluman mutane na gaskiya za su iya yi, kamar ɗan kasuwar da littafinsa bai taɓa nuna asarar ko dala ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin fannin ta Japan ta bincika ta ce maƙala 172 ƙirƙira ce. Saboda haka ba zan iya cewa lamba abokiyar gaba ce ba. Carlisle ya ƙirga abin da ke cikin takarda, masu ba da girma sun ƙirga takardun, bambancin ke nan, kuma na farkon ya fi wahala nesa ba kusa ba.

Na koma kan sunan da na gani a takardar ƙanena. Seshagiri Rao Mallampati ɗan Indiya ne da ya yi aiki a Boston. A 1983 ya aika wa wata mujallar Kanada gajeriyar wasiƙa, a 1985 ya biyo da bincike a kan mutum 210. Abin da ya ce mai sauƙi ne: kafin ka sa mutum barci, sa shi ya buɗe baki ya fito da harshe, in kana hango beli da bayan maƙogwaro to saka tiyo zai zo da sauƙi, in harshe ya rufe su ka shirya wa wahala. Belin nan dai da wanzamai ke cire wa jariranmu, shi wani ya mayar alamar hanya. Shi mataki uku ya yi, wasu likitoci biyu a Ingila suka ƙara na huɗu a 1987. Masana sun nuna gwajin shi kaɗai ba ya isa, yakan rasa masu wahalar da dama, sai an haɗa shi da wasu alamu. Duk da haka ana rubuta sunan mutumin nan kowace safiya a asibitocin duniya, mafi yawan masu rubutawa ba su san ko mutum ne ko gari ne ba, ba kuma a zuba masa komai a asusu don ma'aikacin jinya ya rubuta "Mallampati 2". Na Ibsen ya fi haka ɓacewa. Ba wanda ke ambaton kowa in zai tura iska cikin huhun mara lafiya, abin ya zama kamar wanke hannu. Masanin zamantakewa Robert Merton ya lura da wannan tuntuni: in ilimi ya karɓu sosai yakan haɗiye sunan mai shi. Ke nan akwai matakin tasiri da in aiki ya kai shi, ƙirge yakan fara raguwa. Ba wanda ke cewa "in ji wane" kafin ya sa gishiri a miya.

Inda tunanina ya tsaya shi ne mun cakuɗa tambayoyi biyu muna neman lamba ɗaya ta amsa su. Ta farko ta haƙƙi ce: wa ya fara faɗa, wa ya kamata a jingina wa magana? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, mu da muka taso muna jin malamai suna cewa daga wane na ji, shi kuma daga wane, mun san jingina magana ga mai ita amana ce. Ban yarda da masu cewa mai aikin kirki bai damu da suna ba, saboda haka a bar shi. Ko bai damu ba, mu an ɗora mana, kuma inda suna ya tafi nan kuɗin bincike da kujera da amincewa ke bi, kamar yadda suka bi Boldt. Ta biyu ta amfani ce: saboda aikin mutumin nan, me hannun wani yake yi daban da ƙarfe biyu na dare? Ƙirgen ambato yana ɗan taɓa ta farko, shi ma a karkace. Ta biyun ko kusa da ita bai zuwa. Laifinmu, mu masu makirfo da masu ba da girma, shi ne mukan karanta amsar ta farko da muryar ta biyu.

Ita ta biyun kuma, in aka bi ta da gaskiya, ba ta tsayawa kan mutum ɗaya. Abin da Ibsen ya gano ranar 27 ga Agusta yarinya ɗaya ya ceta. Sauran ɗaruruwan, ɗalibai ne suka cece su da tafin hannu. Jakar da na gani a daren nan ma wani ɗan Denmak ne, likita Henning Ruben, ya ƙera ta da injiniya Holger Hesse a tsakiyar shekarun 1950, suka yi ta yadda za ta cika kanta da iska ba sai da tulun oksijin ko lantarki ba. Ilimin 1952 ya iso garinmu, jakar ta iso, abin da bai gama isowa ba shi ne wutar da ba ta ɗaukewa da batirin da ake canzawa kan lokaci. A wannan giɓi mutum ne ke tsayawa. In za a rubuta tasirin Ibsen a kan ƙanena da gaskiya, sai an sa sunan mai koren kaya a saman takardar tare da nasa, kuma babu mujallar da ke da gurbin wannan.

Ina sane da cewa wannan ba ya warware matsalar abokina. Kwamitin ƙarin girma ba zai iya zagaya asibitoci da dare yana leƙen hannuwa ba. Abin da zai iya, wanda wasu jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike suka fara, shi ne ya ce wa mai nema ya zaɓo kaɗan daga ayyukansa ya faɗi abin da suka canza, a zauna a karanta su. Ya fi cin lokaci, yana kuma sake buɗe ƙofar son rai da ƙirge ya ɗan tura. Ban ga hanyar da ba ta da ɗayan haɗarin biyu ba. Abin da ke hannuna ƙarami ne: na daina gabatar da baƙo da yawan maƙalolinsa. Nakan tambaye shi kafin mu shiga iska wanne ne cikin aikinsa ya canza yadda ake yi wa mara lafiya, in buɗe da wannan. Wasu sukan ji daɗi. Wani ya ɓata rai, ya ce in karanta yadda aka rubuto mini.

Na koma asibitin don shirin da na yi niyya, na nemi mai koren kaya. Ashe ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne da ya yi ƙarin karatu a fannin sa barci, irin waɗanda a ƙasashenmu su ke riƙe da yawancin ɗakunan tiyata. Na ce ina son hira da shi. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai mu ba mu magana da ƴan jarida, sai ka ga babban likita." Na tuna masa daren, ya ɗan yi shiru yana nema, ya ce wutar ta sha ɗaukewa, wanne daga ciki? Da na kwatanta yaron ya gane, ya tambayi ƙafar, ya tambaya ko muryarsa ta washe, don tiyo yakan bar disashewa. Na tambaye shi ko ya san wanda ya fara wannan aiki na matsa jaka. Ya ce su dai Ambu suke ce mata, haka suka tarar. A tsaye a baranda na ba shi labarin Kopenhagen a gurguje, da yarinyar da ɗaliban. Ya ce, "Awa takwas? Hannu yana ƙagewa tun kafin awa ɗaya." Ya buɗe tafinsa ya rufe, kamar yana gwadawa. Sai aka ƙwala masa kira daga ciki, ya ce in gaida Hajiya, ya tura ƙofa ya shiga.